Java da C#: Wane Irin Jeri Ya Fi Saurin Kama Baƙon Abu?

Saƙon kuskuren nan da ke cewa `class java.lang.Integer cannot be cast to class java.lang.String` yana nuna layin da aka ciro abu daga jeri. Ba ya nuna layin da aka zuba shi. Tsakanin layukan biyu ana iya samun fayil goma, ko awa shida na aiki, ko ma wata manhaja daban da ta aiko da bayanan. Shi ya sa idan za ka zaɓi yadda za ka ajiye abubuwa a jeri, tambayar farko ita ce: in baƙon abu ya shigo, a ina za a kama shi?

Wurare uku ne. Kompaila, wato manhajar da ke duba kod ta fassara shi zuwa abin da inji zai gudanar, na iya kama shi tun kafin manhaja ta tashi. Ana iya kama shi a daidai lokacin zubawa, inda mai laifi ke tsaye. Ko kuma sai a lokacin cirowa, inda wanda bai ji ba bai gani ba zai kwashi duka. Hanyoyin da Java da C# ke bayarwa sun bambanta ne a kan wannan, kuma harsunan biyu, duk da kamannin rubutunsu, ba wuri ɗaya suke kama ɓarawo ba.

Jeri tsirara

Kafin Java 5 ta fito a 2004, da C# 2.0 a 2005, jeri bai san abin da ke cikinsa ba. Komai `Object` ne a wurinsa.

```java
List lambobi = new ArrayList();
lambobi.add("AB-1");
lambobi.add(42);
String s = (String) lambobi.get(1);
```

Layi na uku shi ne laifin, layi na huɗu ne ke fashewa da `ClassCastException`. A C# kuwa, tsohon `ArrayList` na `System.Collections` yana ba da `InvalidCastException`, kuma yana da tarko biyu da suka fi na Java muni. Na farko, `foreach (string s in jeri)` na tilasta nau'i a ɓoye, wato aikin da `(String)` ke yi a misalin sama, ba tare da ka rubuta nau'in cikin baka da kanka ba. Mai duba kod zai wuce layin bai ga komai ba. Na biyu, idan ka zuba `int` a ciki, ba za ka iya ciro shi da `(long)jeri[0]` ba, ko da yake kowane `int` na shiga `long` lafiya lau. An naɗe lambar ne cikin `Object` a matsayin `int`, dole a kwance ta a matsayin `int` tukuna: `(long)(int)jeri[0]`.

Akwai kuma nauyi. A .NET mai bit 64, dandalin da C# ke gudana a kai, kowane `int` da aka naɗe yana cin bait 24, ga bait 8 na manunin da ke kai wa gare shi. Lamba miliyan ɗaya ta kai wajen megabait 32, alhali `List<int>` na ɗauke su a wajen megabait 4.

Babu dalilin da zai sa sabon kod ya yi amfani da wannan hanya. Abin da ya rage kawai shi ne yadda za ka zauna da tsohon laburaren da har yanzu ke miƙo maka irin wannan jeri, kuma za a zo kansa a ƙasa.

`List<Object>` ba ɗaya ba ne da jeri tsirara

Mutane da yawa na ɗaukar su abu guda. `List<Object>` yana faɗin gaskiya: komai na iya kasancewa a cikina. Kompaila ba zai yarda ka miƙa `List<String>` inda ake neman `List<Object>` ba, don haka babu yadda za a yi a gurɓata jerin wani ta wannan ƙofa. `List` tsirara kuwa yana karɓar `List<String>` hannu biyu, sannan ya bar ka ka zuba lamba a ciki da ɗan gargaɗi kawai. Amma a wajen cirowa duka biyun jirgi ɗaya ya kwaso su: sai ka tilasta nau'i, kuma kuskure sai manhaja na gudana zai bayyana. In abin da kake so shi ne ka karɓi kowane irin jeri don ka ƙirga ko ka buga abin da ke ciki, `List<?>` ne daidai, domin yana hana zuba komai in ba `null` ba.

Arai

Arai, wato irin su `String[]`, ya san nau'insa har lokacin gudana, a Java da C# baki ɗaya. Matsalarsa ita ce harsunan biyu sun yarda a ɗauki `BiyanKati[]` a matsayin `Biya[]`, muddin `BiyanKati` ɗan `Biya` ne, wato aji ne da ya gaji `Biya`.

```java
BiyanKati[] katuna = new BiyanKati[3];
Biya[] duka = katuna;
duka[0] = new BiyanBanki();
```

Kompaila bai ce uffan ba. Layi na uku na jefa `ArrayStoreException` a Java, `ArrayTypeMismatchException` a C#. A yi masa adalci: a wurin zubawa ya fashe, a hannun mai laifi, kuma aran bai gurɓata ba. Wannan ya fi jeri tsirara nesa ba kusa ba. Kuɗin da ake biya shi ne duba nau'i a kowane zubi, sai dai inda injin ya iya tabbatar wa kansa cewa dubawar ba ta da amfani.

Arai na da gurbinsa a lambobi zalla, musamman a Java, inda babu `List<int>`. A HotSpot, injin da ke gudanar da manhajojin Java, mai bit 64 da manuni matsattse, kowane `Integer` na cin bait 16, ga bait 4 na manuni, don haka lamba miliyan ɗaya a `ArrayList<Integer>` na neman wajen megabait 20, `int[]` kuma megabait 4. Ga abubuwa masu gadon juna kuwa, arai zaɓi ne na biyu.

`List<T>`: rubutu ɗaya, injina biyu

A nan maganar take da nauyi. `List<String>` a Java da `List<string>` a C# duka za su ƙi karɓar lamba tun a wurin kompaila. In dai duk kod ɗin da ke taɓa jerin ya bi ƙa'ida, ba za ka ga bambanci ba. Bambancin na fitowa ne ranar da wani ya kauce.

Jenerik na Java, wato damar faɗin nau'in abin da jeri zai ɗauka, ya samo asali daga aikin GJ na 1998, na Gilad Bracha, Martin Odersky, David Stoutamire da Philip Wadler. Burinsu shi ne tsohon kod da sabo su zauna tare ba tare da an sake JVM, injin da ke gudanar da Java, ba. Dabarar ita ce gogewa: kompaila ya duba nau'i, ya gamsu, sannan ya goge `<String>` ɗin. `T`, harafin da ke tsaye a madadin nau'in, ya koma `Object`, ko ya koma iyakarsa ta farko idan an rubuta irin `T extends Number`. A duk inda aka ciro abu ana bukatarsa a matsayin `String`, kompaila na dasa umarnin `checkcast` da kansa. Kana iya ganinsa da `javap -c`. Ma'ana, tilasta nau'in nan da ake yi da hannu kafin 2004 bai tafi ko'ina ba, an ɗauke maka rubuta shi ne kawai.

A .NET an bi wata hanya. Don Syme da Andrew Kennedy na cibiyar binciken Microsoft da ke Kambirij sun tsara jenerik ɗin a cikin injin .NET kansa, wato CLR. `List<string>` da `List<int>` nau'i biyu ne daban har lokacin gudana, kuma kowane jeri ya san sunan abin da yake ɗauke da shi.

Ga yadda wannan ke bayyana a zahiri. A Java:

```java
List<Integer> lambobi = new ArrayList<>();
List tsirara = lambobi;
tsirara.add("goma");
Object o = lambobi.get(0);
int adadi = lambobi.size();
int x = lambobi.get(0);
```

Layi na uku ya wuce da gargaɗi. Na huɗu da na biyar sun wuce lafiya, domin babu `checkcast` a cikinsu. Jerin na iya yawo daga metod zuwa metod, a buga shi a rajistan aiki, a ƙirga shi, a kwafe shi cikin wani jerin, duk shiru. Sai layi na shida ya fashe, a wurin da ko baka ɗaya ta tilasta nau'i babu. Wannan ne ke rikita masu koyo: kuskuren tilasta nau'i a layin da ba a tilasta komai ba.

A C#, kwatankwacin wannan shi ne ka ɗauki `List<int>` a matsayin tsohon `IList` ka kira `Add("goma")`. Nan take zai jefa `ArgumentException`, domin jerin ya san `int` yake ɗauka. Baƙon bai ma shiga ba.

Haka abin yake a wajen tilasta nau'in jerin gaba ɗaya. `(List<String>) wani` a Java na duba abu ɗaya ne kacal: shin wannan `List` ne? Abin da ke ciki ba a duba shi, kuma ba yadda za a duba ba tare da an bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan ne ma'anar gargaɗin `unchecked cast`. A C#, `(List<string>)wani` na duba duka biyun, in bai dace ba ya fashe a layin.

Gogewar na jawo wasu hani da za ka ci karo da su a Java. Ba a rubuta `new T[10]` ko `new T()`. Ba a tambayar `wani instanceof List<String>` idan `wani` ɗin `Object` ne. Ba a yin metod biyu masu suna ɗaya, ɗaya na karɓar `List<String>` ɗaya `List<Integer>`, domin bayan gogewa sun zama abu guda. A C# duk waɗannan halal ne, ga `typeof(T)` a kai, sai dai `new T()` na bukatar sharaɗin `where T : new()`.

Mafi haɗari a cikinsu shi ne wannan salon, wanda ya cika tsofaffin manhajoji saboda daɗin kiransa:

```java
static <T> T karanta(String maballi) {
    return (T) saituna.get(maballi);
}
```

`(T)` ɗin nan ado ne, ba ya duba komai. Wanda ya rubuta `String s = karanta("tashar")` shi zai fashe idan lamba ce a ajiye, kuma jerin sawun kiran da zai gani ba zai ambaci `karanta` ba sam. Gyaran shi ne a miƙa ajin da kansa:

```java
static <T> T karanta(String maballi, Class<T> naui) {
    return naui.cast(saituna.get(maballi));
}
```

Yanzu dubawar ta gaske ce, kuma tana faruwa a wurin da za ka iya ƙara sunan maballin cikin saƙon kuskure. Ka kula da abu ɗaya: `Integer.class` ake miƙawa, `int.class.cast(5)` fashewa yake yi.

In jerin 'ya'ya ne a hannunka, ana neman na uba

Wannan shi ne inda aka fi samun mutane na karya ƙofa. Kana da `List<BiyanKati>`, metod na neman `List<Biya>`, kompaila ya ƙi. Ƙin nasa daidai ne: da ya yarda, metod ɗin na iya zuba `BiyanBanki` a jerin da kowa ya ɗauka na kati ne zalla, abin da muka gani ya faru da arai. Sai dai mai sauri yakan rubuta:

```java
List<Biya> duka = (List<Biya>) (List<?>) katuna;
```

Java za ta bari. Zai ma yi aiki shekara da shekaru muddin ba wanda ya zuba komai. Ranar da wani ya ƙara `duka.add(...)`, jerin katunan ya gurɓata, kuma wanda zai ji a jikinsa yana can wani ɓangare na manhajar. A C#, `(List<Biya>)(object)katuna` na fashewa nan take, don haka dabarar ba ta ma samu gindin zama ba.

Hanyoyin gaskiya uku ne, kuma zaɓinsu ya dogara ne da wanda ke da ikon gyara metod ɗin da kuma ko za a zuba abu.

In metod ɗin naka ne kuma karatu kawai yake yi, gyara shi. A Java ya karɓi `List<? extends Biya>`: duk abin da aka ciro `Biya` ne, zubawa kuma haramun. In akasin haka ne, metod ɗin zubawa yake yi, ya karɓi `List<? super BiyanKati>`, wanda zai yarda da jerin `BiyanKati`, na `Biya`, har na `Object`. `Collections.copy` misali ne mai kyau, domin ya haɗa duka biyun: wurin zuwa `? super T`, wurin ɗebowa `? extends T`. Shawararmu ita ce a tsaya da alamar tambayar nan a abin da metod ke karɓa. Idan ka sa ta a abin da yake mayarwa, ka ɗora wa duk mai kiransa wahalar da ba tasa ba.

C# ta ɗauke wannan nauyi daga mai kira ta ɗora wa mai tsara intafes. Tun C# 4.0 na 2010 aka rubuta `IEnumerable<out T>`, sannan .NET 4.5 ya kawo `IReadOnlyList<out T>` a 2012. Kalmar `out` alkawari ce cewa `T` fita kawai yake yi. Saboda haka metod mai karɓar `IReadOnlyList<Biya>` zai karɓi `List<BiyanKati>` ba tare da wata alama ba. Wannan ya fi na Java sauƙin karatu, amma yana da iyaka biyu. Yana aiki ne a intafes da deliget kawai, `List<T>` da `IList<T>` ba su ciki. Kuma ba ya aiki da irin su `int` da sauran `struct`: `IEnumerable<int>` ba `IEnumerable<object>` ba ne.

In metod ɗin ba naka ba ne amma ka san karatu kawai yake yi, a Java akwai mafita mai arha da mutane ke mantawa da ita: `Collections.unmodifiableList(katuna)` na karɓar `List<? extends T>` ya mayar da `List<T>`, ba tare da kwafi ba. In ka yi kuskuren zato, metod ɗin ya gwada zubawa, `UnsupportedOperationException` zai tashi a wurin, jerinka kuma na nan da tsarkinsa.

In kuwa da gaske zubawa za a yi, kwafi ne kawai: `new ArrayList<Biya>(katuna)` ko `new List<Biya>(katuna)`. Manuni ake kwafa, abubuwan kansu ba a taɓa su, don haka ga jerin dubu ko dubu goma ba abin damuwa ba ne. Ka dai tuna cewa abin da aka ƙara a kwafin ba zai bayyana a asalin ba. `List.copyOf`, wanda ya zo da Java 10, kwafi ne da ba a iya canza shi, kuma yana ƙin `null`.

Bakin iyaka

A manhajar zamani, ba kasafai ake samun wani ya rubuta `List` tsirara da gangan ba. Gurɓata na shigowa ne ta inda bayanai ke tsallakowa daga waje: JSON, ma'ajiyar bayanai, ma'ajiyar wucin gadi, tsohon laburare. Misalin da kusan kowane mai Java ya taɓa gani:

```java
List<BiyanKati> katuna = mapper.readValue(json, List.class);
```

An gaya wa Jackson, laburaren Java mai karanta JSON, cewa `List` ake so, ba a gaya masa na mene ne ba. Sai ya cika shi da `LinkedHashMap`, ɗaya ga kowane abu. Layin ya wuce da gargaɗi, `katuna.size()` ya ba da adadi daidai, gwajin da ya tsaya a ƙirga ya yi kore. Madaukin farko da ya taɓa abu ɗaya ne zai kawo `LinkedHashMap cannot be cast to`. Gson, wani laburaren JSON ɗin, ma haka yake, sai dai `LinkedTreeMap` yake zubawa, kuma bisa saitinsa na asali yana mayar da lambobi `Double`, har 5 ta dawo maka 5.0.

Gyaran shi ne `new TypeReference<List<BiyanKati>>() {}` a Jackson, ko `TypeToken` a Gson. Bakan nan biyu na ƙarshe su ne sirrin: suna ƙirƙirar ƙaramin aji marar suna da ya gaji `TypeReference`, kuma Java na adana cikakken nau'in uban kowane aji a fayil ɗinsa, gogewa ba ta taɓa wurin. A C# ba a bukatar wannan zagaye, `JsonSerializer.Deserialize<List<BiyanKati>>(json)` ya wadatar. Amma in ka nemi `List<object>`, `JsonElement` za ka samu a ciki, kuma `(int)jeri[0]` zai fashe.

Ga tsohon laburaren da ke miƙo jeri tsirara, kada ka tilasta nau'in jerin, ka tace shi sau ɗaya a ƙofa:

```java
List<BiyanKati> tsaftatacce = new ArrayList<>();
for (Object o : tsoho.kawo()) {
    tsaftatacce.add((BiyanKati) o);
}
```

In kai ne ke miƙa masa naka jerin, ka naɗe shi da `Collections.checkedList(katuna, BiyanKati.class)`. Wannan na mayar da jerin Java kamar na C#: duk zubi ana duba shi, baƙo na fashewa a layin da ya gwada shiga. Yana kuma da amfani wajen farautar gurɓatar da ka rasa tushenta: naɗe jerin a wurin da aka ƙirƙire shi, ka sake gudanar da manhaja, sawun kiran zai kai ka ga mai zubawa. Iyakarsa: ba ya duba abin da ya riga ya shiga kafin naɗewa, ba ya ganin wanda ya zuba ta asalin jerin, kuma ga `List<List<String>>` bai iya duba abin da ya wuce `List.class` ba.

Jerin da ya cakuɗa da gangan

Wani lokaci jerin `Biya` ne na gaske, kana son katunan ciki kawai. C# ta ba da metod biyu a LINQ, kayan aikinta na tace jeri, kuma kamanninsu na yaudara. `OfType<BiyanKati>()` na tsallake duk abin da bai dace ba, har da `null`, ba tare da ya ce komai ba. `Cast<BiyanKati>()` na fashewa a kan baƙo na farko, amma ba a layin da ka kira shi ba, sai lokacin da aka fara bin jerin, sai fa in ka liƙa masa `ToList()` nan take. A Java, `filter(BiyanKati.class::isInstance)` kafin `map(BiyanKati.class::cast)` shi ne na farkon, `map` ɗin shi kaɗai shi ne na biyun.

Kada a zaɓi `OfType` don kawai a kashe kuskure. In ka yi imani duka katuna ne, `Cast` ne ke faɗin abin da ka yi imani da shi. Jimillar kuɗi da ta fito da giɓi saboda an tsallake abu uku shiru ta fi manhajar da ta tsaya da ihu wuyar ganewa.

In kowane nau'i na bukatar nasa aiki, abu na farko shi ne ka duba ko aikin zai koma metod a cikin `Biya`, kowane ɗa ya yi nasa, tilasta nau'i ta ɓace gaba ɗaya. In hakan bai dace ba, Java ta yi gaba a nan. Java 17 ta kawo `sealed interface Biya permits BiyanKati, BiyanBanki`, Java 21 kuma ta kammala `switch` mai duba nau'i. Idan ka haɗa su, ranar da aka ƙara nau'i na uku, duk `switch` ɗin da bai ambace shi ba zai ƙi wucewa a kompaila, muddin ba ka sa `default` ba. A C#, har zuwa sigar 12 ta 2023, kompaila ba ya ɗaukar zuriyar aji a matsayin rufaffiya, don haka yakan nemi reshen `_`, wanda shi kuma zai haɗiye sabon nau'in, sai dai ka sa shi ya jefa kuskure.

Ramukan da jenerik bai rufe ba

Ko kod ɗinka bai da gargaɗi ko ɗaya, Java na da wasu tsofaffin metod da aka bari suna karɓar `Object`. `Map<Long, String>` zai yarda da `get(1)`, ya naɗe 1 a matsayin `Integer`, ya neme shi bai samu ba, ya mayar da `null`, alhali maballin `1L` na nan zaune. Wannan a `HashMap` ke nan. A `TreeMap` mai abu a ciki, `ClassCastException` zai jefa. `Dictionary<long, string>` na C# ba shi da wannan ramin, domin `long` yake nema kuma 1 ɗin na komawa `long` tun a kompaila. `List<Integer>.remove(1)` kuwa na cire abin da ke matsayi na 1 ne, in lambar 1 kake nufi sai `remove(Integer.valueOf(1))`.

`(String[]) jeri.toArray()` na wuce kompaila ya fashe daga baya, domin `Object[]` aka ƙirƙira. `toArray(new String[0])` ne daidai. `TreeSet<Biya>` ma zai ginu lafiya ko `Biya` bai da `Comparable`, sai `add` na farko ya fashe, in ba ka ba shi `Comparator` ba. Haɗa jenerik da `T...` na ƙirƙirar arai a ɓoye, shi ya sa Java 7 ta kawo `@SafeVarargs`, wanda alkawarinka ne cewa ka duba, kompaila ba ya tabbatar maka.

C# ma ba ta tsira duka ba. Tilasta nau'in nan na ɓoye a `foreach` na nan har a jenerik: `foreach (BiyanKati k in duka)` a kan `List<Biya>` na wuce kompaila. Rubuta `var` na kashe wannan tarko, domin `k` zai zama `Biya` kamar yadda jerin ya ce.

To wanne?

Ga sabon kod a kowane harshe, `List<T>` mai takamaiman nau'i, kuma metod ya nemi mafi ƙarancin abin da yake bukata: `? extends` ko `IReadOnlyList` in karatu ne. Arai a bar shi ga lambobi zalla da wuraren da aka auna aka ga gudu na da muhimmanci. `List<Object>` sai in da gaske ba abin da ya haɗa abubuwan, kuma sau da yawa in ka duba da kyau akwai intafes ɗin da ya kamata a rubuta ba a rubuta ba.

In zaɓin harshe ne a gabanka, wannan batu shi kaɗai bai isa ya yanke hukunci ba, amma ga nauyinsa. Manhajar da ke yawan ɗauko nau'i lokacin gudana, ko ke riƙe miliyoyin ƙananan lambobi a jeri, ta fi samun sauƙi a C#. Wadda ke da rufaffun nau'o'i da ake rarrabewa da `switch` ta fi samun kariya a Java 21. Kotlin, wani harshen daban, na tsakiya: tana kan JVM, gogewa na nan, amma `List` ɗinta na karatu ne kawai kuma an rubuta shi da `out` irin na C#, aranta ba ya yarda da gadon da ke jawo `ArrayStoreException`, kuma `reified` a metod na `inline` na ba da damar duba `T`, abin da `filterIsInstance` ke amfani da shi.

Ga wanda ke kan Java, alkawarin harshen a sarari yake: in duk kod ɗin ya wuce kompaila ba gargaɗin `unchecked`, `checkcast` ɗin da kompaila ya dasa ba zai fashe ba. Don haka a kunna `-Xlint:unchecked,rawtypes` tare da `-Werror` a tsarin ginin manhaja, gargaɗi ya zama hani. A tsohuwar manhaja mai ɗaruruwan gargaɗi, a fara da sassan da ke karɓar bayanai daga waje, a bar `-Werror` sai an share kowane sashe. Inda ba makawa sai an danne gargaɗi, a ɗora `@SuppressWarnings("unchecked")` a kan layin da aka ayyana canjau ɗaya tak, wato sunan da ke riƙe da jerin, kada a ɗora shi a kan metod ko aji gaba ɗaya, kuma a rubuta a gefensa dalilin da ya sa abin da ke cikin jerin ba zai taɓa zama wani nau'i ba. In dalilin ya ƙi rubutuwa, a koma madaukin tacewa ko `Class<T>`.